MU LEƘA DUNIYA: Ƙauyen Faransa Da Ya Ba Baƙo Riƙon Gari

A wannan karon za mu tsallaka teku ne mu leƙa wani ɗan ƙauye a ƙasar Faransa mai suna Saint-Coulitz, ana furta shi San-Kulits. Mutanensa duka, babba da yaro, ba su cika 500 ba, watau sahun sallar Juma'a a babban masallacin zango ya fi su yawa.

Mai karatu zai ce, to Malam, mu ina ruwanmu da ƙauyen Turawa? Dalili shi ne, a shekarar 1989 mutanen wannan ƙauye, waɗanda yawancinsu manoma ne, sun ɗauki wani ɗan Togo, haifaffen ƙasar Bassar, suka damƙa masa riƙon garinsu, ya kuma riƙe shi har shekara 12. Mu da ake kira baƙi a garuruwan da aka binne cibiyoyinmu, ya kamata mu tsaya mu duba wane irin wuri ne wannan, yaya ake mulkinsa, kuma ta wace ƙofa baƙon ya shiga.

INDA ƘAUYEN YAKE

Idan ka shimfiɗa taswirar Faransa, za ka ga wani hannu na ƙasa ya miƙe yamma ya shiga cikin tekun Atlantika. Wannan yanki shi ne Bretagne, kada a rikita shi da Birtaniya ta Ingilishi. A can ƙarshen hannun akwai lardin Finistère, wanda ma'anar sunansa ita ce ƙarshen ƙasa, domin daga nan sai ruwa har Amurka. Hedkwatar lardin ita ce Quimper, babban birninsa kuma Brest, mai tashar jiragen ruwan yaƙi. Tsakanin waɗannan birane biyu akwai wani matsakaicin gari, Châteaulin, mai mutane wajen 5,000. To Saint-Coulitz yana maƙwabtaka da Châteaulin ne, iyakarsu ɗaya.

Faɗin ƙasar ƙauyen bai wuce murabba'in kilomita 11 da 'yan kai ba. Kogin Aulne ne ya yi masa iyaka ta wani sashe, yana tafe yana lanƙwasa kamar maciji kafin ya faɗa teku a mashigin Brest. A ƙarni na 19 an gyara wannan kogi, aka yi masa ƙofofin tare ruwa, ya zama wani ɓangare na doguwar hanyar ruwa mai tsawon kimanin kilomita 360 wadda ta haɗa Nantes da Brest. An fara aikin tun zamanin Napoleon, aka gama a 1842. Da can kwale-kwalen dakon kaya ne ke bin ta, amma jirgin ƙasa da mota sun kashe wannan sana'a. Yanzu masu yawon shan iska da masu kamun kifi ne ke bin gaɓar. Kogin kuma yana da fushinsa, domin ya yi ambaliya ya shiga gidajen Châteaulin a 1995 da kuma 2000.

Ƙasar tudu ce da kwari, kore shar duk shekara. Ba su san rani irin namu ba, yayyafi yana iya sauka a kowane wata, kuma saboda kusancin teku sanyinsu bai kai na gabashin Faransa tsanani ba. Gonakinsu a kewaye suke da gangaren ƙasa da aka dasa wa itatuwa, domin tare iska da riƙe ruwa, kusan yadda muke yi wa garka shinge.

ZAMAN YAU DA KULLUM

Ƙauyen Bretagne bai cika zama a dunƙule wuri ɗaya ba. Akwai tsakiyar gari, inda za ka tarar da coci, da maƙabarta, da ofishin magajin gari, wanda mu nan muke kira meri, da kuma dutsen tunawa da 'ya'yan garin da suka mutu a yaƙin duniya, an zana sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Sauran jama'a kuwa suna warwatse a 'yan unguwanni, gida uku nan, gida biyar can, kowace unguwa da sunanta.

Babbar sana'ar yankin ita ce kiwo. Akwai shanun madara, akwai kaji, akwai kuma aladu, domin fiye da rabin aladun Faransa a Bretagne ake kiwonsu. Masarar da suke nomawa yawancinta dabbobi ne ke ci. Motar tanki takan zagayo bayan kwana biyu ko uku ta kwashe madara ta kai masana'anta. Sai dai kada mu ɗauka kowa manomi ne. A 1970 Faransa tana da gonaki kimanin miliyan 1 da dubu 600, amma ƙidayar 2020 ta samu kimanin 390,000 kawai, kowace gona kuma ta ƙara faɗi, domin injin ya maye gurbin hannu. Abin da mutum 20 suke yi da, yau mutum biyu da tarakta sun gama shi. Saboda haka da yawa daga mazauna irin waɗannan ƙauyuka kwana kawai suke yi a can, da safe kowa ya tada motarsa ya nufi wurin aiki a gari. Wanda ba shi da mota, musamman tsoho, yana shan wuya, domin shagon burodi da gidan waya da likita duk sun tattara sun koma garuruwa.

Abin da ke riƙe zumuncinsu shi ne ƙungiyoyi. Tun 1901 doka ta ba kowa damar kafa ƙungiya da 'yar takarda, saboda haka ƙauye ƙarami ma za ka tarar da ƙungiyar tsofaffi, da ta mafarauta, da ta masu shirya bukukuwa. A yankin suna da bikin addininsu na shekara-shekara na waliyyin gari, suna kuma da rawar dare ta gargajiya wadda ake riƙe hannu a yi da'ira. Har ila yau, jaridun yankin guda biyu, Ouest-France da Le Télégramme, suna ware shafuka domin labaran ƙauyuka, har abin da aka tattauna a zaman majalisar ƙauye yakan fito a jarida.

Akwai wani abu da ya kamata mu malaman makaranta mu faɗa da kunya. Mutanen wannan yanki suna da harshensu na gado, Breton, wanda ba dangin Faransanci na kusa ba ne. A harshen nasu sunan ƙauyen Sant-Kouled ne. A wajen 1950 masu jin harshen sun kai miliyan 1, amma binciken da aka yi a 2024 ya samu kimanin 107,000, yawancinsu tsofaffi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka karya shi shi ne makaranta, inda ake rataya wa yaron da aka kama yana yaren gida wani abin kunya a wuya, sai ya kama wani kafin ya rabu da shi. Iyayenmu da suka yi makarantar Faransa a nan Afirka sun san wannan abin wuya sarai. Ashe tun a gida aka fara gwada shi. Wannan ya isa ya tuna mana mu riƙe Hausa a bakin 'ya'yanmu.

YADDA AKE MULKIN ƘAUYE

Yanzu bari mu zo kan jigon maganar. A Faransa, wannan ɗan ƙauye ƙaramar hukuma ne mai cin gashin kanta, abin da Faransanci ke kira commune. Yana da majalisarsa, da magajin garinsa, da hatiminsa, da kasafin kuɗinsa. Irinsa sun kusa 35,000 a ƙasar, kuma wajen rabinsu mutanensu ba su kai 500 ba. Asalin tsarin tun Disamba 1789 ne, lokacin juyin juya hali, da aka mai da kusan kowace Ikilisiyar ƙauye ƙaramar hukuma. Dokar 5 ga Afrilu 1884 ce ta kafa ginshiƙan da ake kai har yau. Mata kuwa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na Afrilu 1945.

Yawan kansiloli ya danganta da yawan jama'a. Ƙauyen da bai kai mutum 100 ba kujeru 7 gare shi, daga 100 zuwa 499 kujeru 11, daga 500 zuwa 1,499 kujeru 15, haka abin yake hawa. Ke nan Saint-Coulitz kansiloli 11 gare shi. Ku lissafa ku gani, kusan cikin kowane mutum 40 akwai kansila ɗaya. Da wuya a samu gidan da ba shi da ɗan'uwa ko maƙwabci a majalisa. Wa'adinsu shekara 6 ne, kuma duk ɗan ƙasa da ya cika shekara 18 yana iya zaɓe, yana iya tsayawa. Jama'a kansiloli suke zaɓa, su kuma kansiloli a zamansu na farko sai su zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama magajin gari, ta ƙuri'ar asiri, tare da mataimakansa.

Magajin gari riga biyu yake sawa. Ta farko ita ce ta wakilin gwamnatin ƙasa. Da ita yake rubuta haihuwa da mutuwa, yake ɗaura auren hukuma, yake kula da rajistar masu zaɓe. A can doka ta ce a kai rahoton haihuwa cikin kwana 5. Ta biyu ita ce ta shugaban ƙauye. Da ita yake aiwatar da abin da majalisa ta yanke, yake kula da hanyoyin ƙauye, da maƙabarta, da ginin makarantar firamare idan akwai, da tsaron lafiyar jama'a. Albashin malamai gwamnatin ƙasa ke biya, amma rufin aji da benci da abincin rana na yara nauyin ƙaramar hukuma ne. Abin mamaki, har ginin tsohon coci ma, wanda aka gina kafin 1905, mallakar ƙaramar hukuma ne, ko da yake a shekarar ce aka raba addini da gwamnati.

Doka ta wajabta wa majalisa ta zauna aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku, kuma ƙofa a buɗe take. Duk wanda ya ga dama yana iya shiga ya zauna a baya ya saurara, sai dai ba zai sa baki ba. Bugu da ƙari, kowa yana da ikon ya nemi a nuna masa kasafin kuɗi da rubutaccen bayanin zaman majalisa.

Game da kuɗi, suna samu ne daga harajin filaye da gidaje, da kason da gwamnatin ƙasa ke turowa duk shekara, da tallafin lardi da na yanki idan za a yi babban aiki. Harajin zama a gida, wanda da yake cikin manyan hanyoyin samunsu, an soke shi gaba ɗaya a 2023 ga gidan da mutum yake zaune a ciki. Doka ta hana su tsara kasafin da kashewa ta fi samu. Wani abin lura kuma, magajin gari ba ya taɓa kuɗi da hannunsa. Shi dai ya sa hannu a ba da umurnin biya, amma ma'ajin gwamnati, wanda ba yaronsa ba ne, shi ke duba takardu ya biya. Tun dokar 1982, wakilin gwamnati na lardi, watau perefe, ba ya hana majalisa yanke shawara. Idan ya ga an saɓa doka, kotu yake kai maganar.

Aikin takardu kuwa yana hannun sakataren meri, wanda sau da yawa ƙauyuka biyu ko uku ke tarayya a kansa, yau yana nan gobe yana can. A da, malamin makarantar ƙauye ne ke wannan aiki bayan an tashi yara, shi ya sa a ƙauyuka da yawa za ka ga meri da makaranta gini ɗaya ne.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, doka ta sa ƙauyuka su shiga gamayya da maƙwabtansu. Saint-Coulitz yana cikin gamayyar Pleyben-Châteaulin-Porzay, wadda aka kafa a 2017. Irin wannan gamayya ce ke ɗaukar manyan ayyuka kamar kwashe shara da jawo masana'antu. A samanta akwai lardi, mai kula da ƙananan makarantun sakandare da taimakon gajiyayyu, sannan yanki, mai kula da manyan makarantun sakandare da jiragen ƙasa na kusa.

BAƘON DA YA ZAMA MAGAJIN GARI

Sunansa Kofi Yamgnane. An haife shi a 1945 a ƙasar Bassar, ƙasar doya da ƙira, a arewacin nan da fataken kakanninmu suka riƙa ratsawa a hanyar Gwanja. A 1964 ya tafi Brest karatun lissafi, daga baya ya zama injiniya a ma'aikatar ayyuka ta lardin. Ya auri 'yar yankin, ya zauna a Saint-Coulitz, ya kuma karɓi takardar zama ɗan Faransa a 1975. Wannan takarda ita ce mabuɗin farko, domin ba don ita ba ko ƙuri'a ba zai jefa ba.

A 1983 aka zaɓe shi kansila. Ya yi shekara 6 yana zama a kan maganar kwalbati da hanya da kasafi kamar kowa, sannan a 1989 ya zama magajin gari, lokacin mutanen ƙauyen ba su kai 400 ba. A nan akwai abin lura. A wancan zamani, a ƙananan ƙauyuka, mai zaɓe yana da ikon ya ɗauki biro ya soke sunan duk wanda ba ya so a cikin jerin 'yan takara, kuma suna-suna ake ƙirga ƙuri'a. Ke nan babu wata inuwar jam'iyya da mutum zai fake a ciki. Duk wanda ya ƙi jinin baƙar fata yana iya jan layi a kan sunansa ba wanda ya gani. Duk da haka ya wuce. Wannan tsari na soke suna an kawar da shi da wata doka ta 2025, wadda ta ce daga zaɓen 2026 ƙananan ƙauyuka ma jeri guda za su zaɓa, a jera mace da namiji bi da bi.

Jaridun Faransa sun yi ta yayata labarin, ko da yake ba shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe gari a can ba. Tun 1929 wani likitan dabbobi ɗan tsibirin Martinique, Raphaël Élizé, ya zama magajin garin Sablé-sur-Sarthe.

Abin da aka fi tunawa da shi a mulkinsa shi ne majalisar dattawa. Da ya hau, sai ya lura tsofaffin ƙauyen an ajiye su gefe, ba mai tambayarsu komai, alhali a inda ya fito ba a yanke magana sai an ji ta bakin manya. Sai ya kafa musu majalisa ta ba da shawara. Ba su da ƙuri'a a majalisar hukuma, amma ana kai musu magana su duba su faɗi ra'ayinsu. Mu da muka tashi da jin cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A can kuwa ya zama abin koyi, har garuruwa da dama suka kwaikwaya.

Daga wannan ƙaramar kujera ce Shugaba Mitterrand ya ɗauko shi a 1991 ya sa shi cikin gwamnati a matsayin ƙaramin minista mai kula da shigar baƙi cikin al'umma, har 1993. Daga 1997 zuwa 2002 kuma ya wakilci mazaɓarsa a majalisar dokokin ƙasa. Riƙon ƙauyen ya sauke shi a 2001.

Kada mu ɗauka tafiyar ta yi daɗi duka. Ya sha wasiƙun zagi da na barazana saboda launin fatarsa, ya tara su ya ajiye, daga baya ma ya fitar da littafi a kansu a 2021. Mu kuma ba muna cewa waliyyi ne ba, ɗan siyasa ne, yana da masoya yana da masu suka. Hanyar da ya bi ita ce abin dubawarmu.

Akwai ƙarashen labarin da ya fi shafarmu. A 2010 ya dawo gida ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasar Togo, amma kotun tsarin mulki ta ƙi karɓar takararsa, bisa hujjar cewa ranar haihuwar da ke takardunsa ba ta zo ɗaya ba, wata ta ce Oktoba 1945, wata ta ce Disamba. Magoya bayansa sun ce siyasa ce kawai. Mu ba za mu shiga wannan gardama a nan ba. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, mutumin da ya yi shekara 12 yana sa hannu a rajistar haihuwar 'ya'yan Turawa, takardar haihuwarsa ce aka kama aka tare masa hanya. Idan haka ta faru da tsohon minista, ina ga ɗan mai shayi?

NAUYIN DA KE CIKI

Adalci ne mu faɗi cewa su ma tsarin nasu yana nishi. Yawancin kansilolin ƙauye ko sisi ba a biyansu. Magajin garin ƙauyen da bai kai mutum 500 ba, a 2024 alawus ɗinsa bai wuce kimanin Yuro 1,050 a wata ba kafin a yi yanke-yanke, wajen sefa 690,000 ke nan. A kunnenmu kuɗi ne mai yawa, amma a can bai kai mafi ƙarancin albashin lebura ba, wanda a shekarar ya haura Yuro 1,750. A kan wannan ne za a tashe shi da tsakar dare idan itace ya faɗi a hanya, ko shanu sun ɓalle, ko maƙwabta sun kaure. Idan an yi mutuwar haɗari, sau da yawa shi ne mai zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya faɗa wa iyali.

Wani lokaci ma abin yakan kai ga rai. A Agustan 2019, magajin garin Signes a kudancin Faransa, Jean-Mathieu Michel, dattijo mai shekara 76, ya rasu bayan da motar wasu da ya tarar suna zubar da ɓaraguzan gini a inda aka hana ta buge shi. Tsakanin 2020 da 2025 magadan gari fiye da 2,000 ne suka ajiye aiki da kansu, saboda gajiya da rigingimun majalisa da yawan takardu. Wasu masana na cewa ƙananan hukumomin sun yi yawa, a haɗe su, kuma an haɗe wasu. Amma mutanen ƙauyuka da yawa sun ƙi, hujjarsu kuwa ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

TO MU FA?

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu, domin irinsa muka gada. A nan Togo an yi zaɓen ƙananan hukumomi a 1987, daga nan aka yi shiru har shekara 32, sai ranar 30 ga Yuni 2019 aka sake yi, aka zaɓi kansilolin ƙananan hukumomi 117. Mu ma kansiloli ne ke zaɓen magajin gari a cikinsu. Bambancin shi ne girma. Idan aka raba, ƙaramar hukuma ɗaya a Faransa mutum wajen 2,000 ne, tamu kuwa ta kusa 70,000. Ma'ana, mu kansila ba zai zo ya same mu a bakin shago don kansa ba, sai mun tashi mun neme shi, ko kuma mun fitar da namu.

A nan ne muke da rauni, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun iya kasuwa, mun iya tara kuɗin gina masallaci cikin wata biyu, amma idan aka ce ana zaman majalisa a meri sai mu ce wannan harkar 'yan gari ce. Alhali a wannan zaman ne ake yanke kuɗin rumfar kasuwa, da inda za a mai da turken dabbobi da mahauta, da unguwar da za a haƙa wa lambatu, da filin maƙabarta. Duk waɗannan cikin tuwonmu suke. Dattawan Lome ba su manta 1977 ba, shekarar da aka tashi tsohon zango daga tsakiyar birni aka mai da shi bayan gari, wajen kilomita 15 ta arewa. Zamani ya sauya, amma har gobe wanda ba ya wurin da ake magana, labari kawai yake ji.

Muna da sarakunan zango da limamai, Allah Ya ƙara musu girma, kuma su ne majalisar dattawanmu tun kafin wani ya kai wa Turawa irinta. Sai dai hatimin da hukuma ta sani yana meri. Abin da ya dace shi ne dattawa su sa albarka, su zaɓo daga cikin 'ya'yanmu masu ilmi da riƙon amana, maza da mata, a tura su su yi takara, a kuma tsaya musu. Wanda zai tsaya kuma ya sani ba Hausawa kaɗai zai yi wa aiki ba. Ɗan Bassar bai ci zaɓe da ƙuri'ar 'yan Bassar ba, domin babu su a can. Maƙwabtansa ne suka ga amfaninsa shekara da shekaru kafin su ba shi.

Sai maganar takarda, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya mu malamai. Kusan duk shekara, idan an zo rubuta sunayen 'yan ajin ƙarshe domin jarrabawar CEPD, sai mu tarar da yaran da ba su da takardar haihuwa. Ba za mu manta da wata yarinya ba, wadda ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinmu. Uban ya yi mata suna na gani na faɗa, da rago da maroƙa, amma bai taka meri ba. Kafin a gama zirga-zirgar kotu a samo takardar da ke maye gurbi, an rufe rajista, ta rasa shekara guda, daga nan zuciyarta ta karye, sai talla. Tun daga Janairu 2022 gwamnati ta ce yin takardar haihuwa kyauta ne ga wanda ya kai rahoto cikin wa'adi, wa'adin kuwa kwana 45 ne. Saboda haka ba mu da sauran uzuri. Muna roƙon limamanmu, ranar suna, bayan an shafa fatiha, a tambayi uban jariri ko ya je meri. Muna roƙon iyaye mata da ungozomomi su riƙa tuni. A kuma duba rubutun suna da ranar haihuwa da kyau tun a gaban ma'aikaci, domin harafi ɗaya ko rana ɗaya da ta kauce tana iya tare wa mutum hanya bayan shekara 60.

Ga kuma wani ɗan aiki da muke ba kanmu kafin fitowa ta gaba. Kowannenmu ya binciko sunan kansilan da ke wakiltar unguwarsa, da ranar da majalisar ƙaramar hukumarsa za ta yi zama na gaba. Wanda ya samu hali ya je ya zauna ya saurara, sannan ya rubuto mana abin da ya gani, za mu buga a wannan fili in Allah Ya so. Matasan da suka cika shekara 18 kuma, idan an buɗe rajista, a je a yanki katin zaɓe a adana shi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana zuriya. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.